Rasuwar Inna Mai Tururi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Kalilu na Turba yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Inna Mai Tururi, tsohuwar rijiyar burtsatsen nan da ke bakin gonarsa.

Masu neman man fetur ne suka haƙa ta tun Kalilu yana saurayi. Ko ɗigo ba su samu ba, suka kwashe komatsansu suka bar ta marainiya. Ita kuwa, da yake 'yar halas ce, sai ta kama fitar da ruwan zafi daga can ƙarƙashin ƙasa, rani da damina, ba itace ba kalanzir. Ba mai surutu ba ce. Iyakar maganarta "ɓul-ɓul-ɓul", in ta ji daɗi ta ƙara da "fuuu". Masu jegon unguwar nan kaf da ruwanta suka yi wanka. Albarkacinta mata suka huta da shiga daji neman itace, dajin da yanzu 'yan bindiga suka mayar gida.

Ciwon ajalinta ya faro bayan girbi, da wasu baƙi masu hular kwano suka zo suka ce zafinta zai iya ba gari wutar lantarki. Suka zura mata ƙarfen awo a maƙogwaro, ƙarfe ya maƙale, suka ce bari su je su ɗauko injin ciro shi. Ana nan ana jiransu. Marigayiya ta yi ta tari, ta yi aman yashi, daga nan shiru.

Kalilu ya zura gora, ya buga guduma, ya lallashe ta, a banza. Har yanzu ya kasa zama wuri ɗaya. Yana cikin cin tuwo sai ya tsame hannu, ya koma ya kara kunne a bakinta.

Ta rasu ta bar bokitai da kwatanni birjik, da 'yar Kalilu, Sadiƙa, wadda ta zo gida haihuwar fari ta sauka jiya. Ta kuma bar matarsa Kande, wadda ta riga ta wasa gatari ta rantse gobe za ta daji, don 'yarta ba za ta yi jego da ruwan sanyi ba.

Za a rufe bakin marigayiya yau bayan La'asar, a bakin gonar. Kalilu ya yafe goro da dabino. Roƙonsa ɗaya: duk mai zuwa ta'aziyya ya riƙo itace, ko kara ne, ko busasshen kashin shanu, ko Allah Ya sa Kande ta ajiye gatarin nan.