Ranar da Na Koma Gida da Zani

Ba zan taɓa mantawa ba da kakar da na ɗauki Ishaya koyon aiki, ko da kuwa na so in manta, domin matan Yangoji ba za su bar ni ba.

Ni bakanike ne, ina da ɗan gareji a Dei-Dei inda nake gyaran tarakta, injin ban ruwa da injin casa. Aiki ya yi mini yawa a shekarar, sai na baza labari cewa ina neman yaro. Wata mata daga Yangoji, shugabar ƙungiyar mata manoma da nake yi wa gyara, ta kawo mini ɗanta Ishaya. Saurayi ne mai natsuwa, hannunsa ba ya ƙyamar baƙin mai. Aibinsa ɗaya a wurina: tambaya. Me ya sa wannan yake juyawa, me ya sa wancan yake zafi. Wata rana a gaban wani Alhaji mai tarakta ya jefo mini tambayar da sai da na yi tari kafin na samo amsa.

Da Alhajin ya tafi na kafa masa doka. "Daga yau, in ina aiki, bakinka alekum. Ido ke koyon sana'a, ba baki ba."

Ya ce, "To, Oga."

(Haka maigidana ya yi mini ina yaro, kuma na tsani abin. Amma mutum in ya samu kujera sai ya manta zafin tsayuwa.)

Ana tsakiyar girbi mahaifiyarsa ta kira ni, injin casar masararsu ya tsaya, ga masara jibge a fili, ga hadari na haɗuwa. Ranar ina da ɗaurin auren abokina a Kwali, na riga na sha sabon kaftani na shadda, guga kamar takarda. Na ce ai hanya ɗaya ce, ɗan ƙaramin aiki ne, ba sai na sauya kaya ba. Na goya Ishaya a babur muka tafi.

Mata sun cika filin, har da 'yan kallo daga maƙwabta. Bel ne, wato robar da ke juya injin, ya saki. Na ɗaure shi, na tayar da inji, ya kama ruri. Aka fara yaba mini, ni kuma kaina ya kumbura, na sunkuya ina yi musu bayanin da ba wanda ya nema.

Ishaya ya ce, "Oga..."

Ban ko waiwaya ba. "Me na gaya maka?"

Ya yi shiru.

Abin da ya gani shi ne gefen kaftanina yana lilo a bakin bel. Ji na yi kawai an fizge ni. Shadda ta yage tun daga ƙasa har hamata, injin ya haɗa da wandon, mazagi ya tsinke. Ishaya ne ya yi tsalle ya kashe injin, ba don haka ba da yanzu wani ke ba da wannan labari. Ko ƙwarzane ban samu ba, amma sai ga ni tsaye gaban iyayen mutane, daga ni sai singileti da gajeren wando mai huji, hulata kuwa tana nan daram a kai.

Da farko ba wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa ta fara salati, wata ta juya baya kafaɗunta na rawa.

Kunya ta juye mini zuwa fushi, kuma fushin matsoraci a kan na ƙasa yake sauka. Na daka wa yaron tsawa. "Kana gani ka yi shiru? Kada in sake ganin ƙafarka a garejina."

Idonsa ya kawo ruwa. Mahaifiyarsa ta kwance zanin da ta ɗora a kan na ƙasa, ta miƙo mini.

"Oga, rufe jikinka tukuna. Amma kai ne ka ce ya yi shiru. Mu duka mun ji."

Da zanin nan mai zanen kifaye na hau babur na koma Dei-Dei. Ɗaurin aure kuwa sai a waya na yi Allah sanya alheri.

Na ɗauki makonni ina jiran Ishaya ya zo ba ni haƙuri, wai ni za a ba haƙuri. Da hankalina ya dawo na je Yangoji da kaina, na tarar mahaifiyarsa ta kai shi wani gareji a Gwagwalada. Ta karɓe ni da mutunci, ta ba ni ruwa, ta ce ba komai, amma yaro ya riga ya zauna a can. Na ji labari yanzu shi ke yi wa ƙungiyar gyara. Yaran da na ɗauka bayansa ba wanda ya kama ƙafarsa.

Abin da na koya dai kaɗan ne, kuma da tsada na saye shi. In na ƙasa da kai ya ce "Oga", ka waiwaya. Wataƙila tambayar banza ce, wataƙila kuma wandonka ne ke shirin tafiya.