Farin Zomon Inna

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na tara maza a bayan gidana a Gwarinpa don su shaida gaskiyata, suka tashi da shaidar wautata.

Lokacin farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, Abuja sai kumbura take, abokan aikina a ma'aikata kowa zancensa fili da kwangila. Ni kuwa zomaye na sa a gaba. Na samo mace da namiji, baƙaƙe wuluk masu sheƙi, na ci alwashin sai na fitar da irin da babu ɗigon fari a jikinsa. (Tarihi na karanta a jami'a, amma a kan zomo gani nake babu farfesan da ya kamo ƙafata.)

Katanga ce ta raba ni da Malam Isiyaku, mutumin kirki, a motarsa nake zuwa ofis. Ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye, Inna, tsohuwar da ba ta san kowa a garin ba. Abokin hirarta ɗaya ne, wani farin zomo mai jajayen idanu. A tafin hannu take ba shi latas, tana yi masa faɗa kamar jika. Wani lokaci yakan sulalo ta magudanar ruwa ya shigo gidana.

Zomanyata ta haihu. Da 'ya'yan suka fara fitowa, sai ga farare a ciki, idanu jajur. Ban yi wata-wata ba, a ƙofar masallaci na tare Malam Isiyaku, jama'a na ji.

"Malam, zomon gidanka ya ɓata min iri. Baƙi da baƙi ba sa haifar fari, ko ɗan firamare ya san wannan."

"Oga, ai naka a keji suke," in ji shi a hankali.

"To ta ina farin ya shigo? Ta waya?"

Washegari aka aiko da kwano a rufe. Farfesun zomo ne. Malam Isiyaku ya yanka farin zomon Inna don a zauna lafiya. (Allah ya yafe min, na ci, har na yaba yajin.) Daga ranar na daina jin muryar Inna ta bayan katanga.

Bayan watanni na sake haɗa baƙaƙen nan, lokacin babu farin zomo ko ɗaya a layinmu. Masu kiwo sun ce min in ka taɓa jarirai uwar za ta watsar da su, don haka da ta haihu ko leƙa akwatin ban yi ba. Me zan leƙa? Ai na san amsa. Da na tabbatar sun yi gashi, na gayyato 'yan masallaci bayan La'asar, har da wani likitan dabbobi da muke kira Dakta. Malam Isiyaku ya zo, Inna ta biyo shi tana dogara sanda.

Na gyara murya, na yi ɗan jawabi, na ɗaga murfin.

Farare. Uku, kwance a tsakiyar baƙaƙen, farare fat.

Dakta ya sunkuya ya duba, ya ce, "Alhaji, ai farin a jinin naka yake. Uwar da uban kowa ya gado shi a ɓoye, in suka haɗu yakan fito. Ba ruwan maƙwabci."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ɗauko ɗaya na miƙa wa tsohuwar. "Inna, ki yi haƙuri, ga wannan."

Ta daɗe tana kallonsa, ba ta taɓa shi ba. "Mayar wa uwarsa, ɗan nan," ta ce. "Wancan ya san muryata."

Kafin shekara ta ƙare ta ce a mai da ita ƙauye, a can ta rasu. Malam Isiyaku bai taɓa tayar min da zancen ba, yana gaishe ni yadda ya kamata, iyakarta ke nan. Da zagina ya yi, wallahi da na fi samun sauƙi.

Yanzu duk abin da ya lalace a gidana, sai na gama bincike a cikin gida, ni kaɗai, ƙofa a rufe, kafin in kira kowa.