Rasuwar Disket Mai Miƙa Firam

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, Osita Nwachukwu na layin Reluwe, Kafanchan, yana sanar da rasuwar disket ɗinsa baƙi, ɗan faifan ajiye bayanan kwamfuta, wanda ya cika ranar Lahadi, a damunar 1999.

Marigayin bai kai tafin hannu ba, amma shi ke ɗauke da layukan umarnin kwamfuta da Osita ya yi wata uku yana haɗawa. Aikinsu ɗaya ne: a shafin intanet da ƙungiyar 'ya'yan ma'aikatan jirgin ƙasa ke shiryawa, su sa firam, wato akwatin da ke nuna sunayen iyayen da suka mutu, ya miƙe da kansa daidai tsawon jerin. Ko suna nawa aka ƙara, sai ya buɗe musu wuri. Bai taɓa tambayar muƙamin kowa ba. In an sa shi a kwamfuta, ƙir-ƙir-ƙas kawai yake cewa, ya kama aiki.

Jinyarsa gajeriya ce. Gregory, sakataren ƙungiya, ya ajiye shi a kan lasifikar coci har aka tashi sujada, maganaɗisun lasifikar ya shafe shi tas, saura kwana biyu a kai shi Jos a ɗora a intanet. Bai bar kwafi ba, kuma wannan laifin Osita ne, ya ɗauka.

Ya rasu ya bar firam mai taurin kai da ba ya nuna fiye da suna goma sha biyu, da sunaye ɗari da bakwai da aka jera bisa muƙami, manya a sama. Can ƙasa, inda ba a gani, akwai mahaifin Osita, wanda ya shekara talatin yana zuba wa jirgi gawayi.

Masu ta'aziyyar da ke ba da shawarar a cire sunayen leburori don shafin ya yi kyau, su riƙe ta'aziyyarsu. Osita ya ji, ransa ya ɓaci, kuma ko harafi ɗaya ba zai goge ba.

Za a binne marigayin ranar Asabar da ƙarfe huɗu, a bayan shagon Osita, cikin gwangwanin madara. Bayan addu'a Osita zai juya jerin, leburori su hau sama, har ya sake rubuta umarnin. Iyalan manya su yi haƙuri, su ma su ɗanɗana ƙasa.