Malami a Tsaye, Ɗalibi a Zaune

Jiya da sassafe maman yara ta tsaya a kaina da tsintsiya a hannu, ba kuma shara ta zo yi ba. Ta ce in tashi in kai Yayanta jami'a, yau ne manya za su saurari kukansa. Na ce mata babur ɗin ba mai. Ta ce ai gidan mai ba a sama yake ba. Haka na zura rigata ta fita kunya, na tura babur har layin shan mai, na tarar da mutanen da na bari shekaranjiya suna nan inda na bar su, har sun san sunayen 'ya'yan juna. Manajan gidan man ya leƙo ta taga ya ce mu ƙara haƙuri, tanka tana hanya. Wannan tankar tun ina saurayi take hanya, Allah dai ya kawo ta lafiya. Na haƙura na sayi kwalba guda a bakin titi, irin wanda rabinsa mai ne rabinsa addu'a, na wuce na ɗauko Yaya.

Bari in gabatar muku da shi, don wanda bai san shi ba. Yayan matata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk unguwa Injiniya ake ce masa, ko da yake takardarsa ba ta yarda da haka ba, don difloma ce gare shi ta aikin lantarki. Shekara ashirin da ɗoriya yana aiki a jami'a, shi ne shugaban ɗakin koyon aikin hannu, inda 'yan aji ɗaya ke koyon haɗa wayar wuta ba tare da sun aika kansu lahira ba. A rubuce kwas ɗin na wani Dakta ne. Daktan yakan zo ranar farko ya yi wa yara barka da zuwa, sai kuma ranar ƙarshe ya yi musu sai wata rana. Abin da ke tsakani duk na Yaya ne. Mutum ne mara yawan magana, yatsunsa duk tabon ƙuna, kuma ko gidan mutane ya je gaisuwa ya ga soket yana lilo, sai ya tambaya ko akwai sukudireba.

Ana zaune lafiya sai manya suka tafi wani taro ƙasar waje, suka dawo da sababbin akwatuna da sabuwar doka. Dokar ta ce duk shugaban sashe da ba shi da digiri an ba shi shekara uku: ko ya kawo digiri, ko ya sauka daga kujera ya koma ƙarƙashin mai shi. Yaya bai yi gardama ba. Ya ce tunda a jami'a yake wuni, ai karatu ya zo masa har gida. Roƙonsa ɗaya ne, a duba diflomarsa a ɗauke masa kwasa-kwasan da ya riga ya yi, ya fara daga aji uku, ya gama kafin wa'adi ya cika.

Aka miƙa maganar ga Kwamitin Auna Nauyin Takardu, ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Ma'aunin Ilimi, Allah ya ƙara masa nauyi. Jama'a, ku yi wa wannan kwamiti adalci, bai yi gaggawa ba. Sau biyu suna ɗaukar diflomar Yaya zuwa wani otal a bakin ruwa don su duba ta cikin natsuwa. Takardar ta sha iska, ta kwana a ɗaki mai sanyi, alhali mai ita bai taɓa taka ƙofar otal ba in ba gyara aka kira shi ba. Kafin su gama aunawa shekara guda ta tafi, saura biyu cif, daidai aji uku da aji huɗu, babu rarar ko mako.

Hukuncin ya fito da daɗi a farkonsa. An ɗauke masa komai na aji ɗaya da aji biyu, har maman yara ta fara guɗa. Sai kwas ɗaya tak aka ce ba a yafe ba, dole ya haɗa shi da karatun aji uku, kuma in bai ci shi ba babu shiga ajin ƙarshe. Wane kwas ke nan? Haɗa wayar wuta na 'yan aji ɗaya. Dalilinsu shi ne wanda ya yi a difloma da hannu kawai aka yi shi, na jami'a kuwa da hannu ne da fahimta.

Yaya ya je ya sami Sakataren kwamitin, ya rage murya ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan kwas ɗin fa ni nake koyar da shi."

Sakatare ya washe baki ya ce, "Madalla. Ka ga ba za ka sha wahalar gane malamin ba."

To, haka aka yi. Yaya ya yi rajista, aka ba shi katin ɗalibi mai hotonsa da furfurarsa, ya rataya shi a wuya tare da katin ma'aikaci, suna karo da juna in yana tafiya. Kullum zai shiga aji ya kira suna, in ya zo kan nasa ya kira, ya amsa wa kansa, ya ci gaba. Makon farko yara suka riƙa dariya har da riƙe ciki. Daga baya suka saba, har masu ƙarfin hali cikinsu suna ce masa, "Malam, ɗan ajinmu, ka taimaka ka roƙa mana malam ya ɗaga gwajin gobe." Shi kuma ya ce ya roƙa, malam ya ƙi.

Da jarrabawa ta zo, don kada a ce an yi son kai, aka nemo Daktan nan da kyar ya duba aikin Yaya da kansa. Ya ba shi maki har ya rasa inda zai ƙara. Muka ce shi ke nan, an wuce wurin. Ranar da aka kafe sakamako sai ga sunan Yaya a can ƙasa, an ja masa jan layi: ya faɗi, saboda fashin aji.

Ashe akwai wani sabon ofishi da aka buɗe, Ofishin Tabbatar da Zaman Ɗalibai, mai motoci biyu da labule har ƙasa. Jami'insu, wanda yara ke kira Mai Ƙirga Kawuna, yakan faɗo aji ba sanarwa, ya bi benci benci yana duba kati. Duk zuwan da ya yi bai taɓa samun Yaya a kan benci ba. Sau ɗaya Yaya ya ajiye filaya ya miƙa masa katin ɗalibinsa, mutumin ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Malam, ci gaba da aikinka, ba ruwan malami da wannan. Ɗalibai nake dubawa."

Maganar ta zaga unguwa. Mai askinmu, wanda ba a taɓa kawo matsalar da ba shi da maganinta ba, ya tsayar da almakashi a kan kunnena ya ce, "Kai ma dai da sanyin jiki. Da ka riƙa zuwa kana zama masa a bencin. Me kake yi da safe in ban da rubuta ƙorafi a jarida?"

Na ce, "Hoton katin fa?"

Ya ce, "Furfura ce, kai ma kana da ita. Wa ke kallon fuskar talaka?"

Mai facin da ke gefe ya ce shi a ganinsa Yaya ya kai malamin ƙara, tunda shi ya hana shi zama. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma da na koma gida na tarar maman yara ta yi tagumi, abinci ya huce a gabanta. Ta ce tun tana 'yar firamare Yaya ke fita da jakar kayan aiki, da ita ya yi mata komai har ta zama mutum, yanzu a ce rana ɗaya za a tashe shi daga kujerarsa kamar wanda ya yi sata. Gaskiya abin ya taɓa ni, dariyar ta koma ciki.

Shi ya kai mu zaman jiya. Ɗakin taron yana hawa na sama, sanyi kamar cikin firji, tebur ya sha ruwan roba da biskit. Mu aka nuna mana kujeru biyu na roba a bakin ƙofa. Mai Girma Ma'aunin Ilimi ya gyara tabarau ya ce wa Yaya ya faɗi kukansa a taƙaice, don akwai wani zaman a otal da yamma.

Yaya ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ajin nan bai taɓa zama ba ni ba. Ni nake buɗe ƙofa, ni nake rufewa. Ta yaya na yi fashi?"

Mai Girma ya ce, "Ba mu ce malami ya yi fashi ba. Malami ma har yabo muka rubuta masa. Ɗalibi ne bai zo ba. A ƙa'idarmu ɗalibi shi ne wanda aka samu a zaune."

"To a ba ni dama in maimaita a lokacin hutu, in koyar a zaune."

Wata Farfesa da ke gefen dama, Gimbiyar Kiyaye Haɗurra, ta girgiza kai ta ce ba zai yiwu ba. Malamin ɗakin wuta dole ya kasance a tsaye, idonsa a kan hannun kowane yaro. Ta ce wannan doka ce mai kyau ƙwarai, kuma in ba ta manta ba Yaya ne da kansa ya ba da shawarar kafa ta. Yaya ya ce haka ne.

"To in zauna a benci, wani ya koyar."

Sakatare ya ce babu wani, kuma duk ranar da aka leƙo ba a ga malami a gaban allo ba, takardar tuhuma ce.

"To a ba ni hutun karatu."

Nan fa suka kalli juna da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai san gari ba. Sakatare ya yi masa bayani a hankali cewa hutun karatu na wanda zai tafi karatu ne. Shi kuwa ina zai tafi? Ga shi nan a inda yake.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ranku ya daɗe, ni ba ni da ilimin auna takardu, amma mutum ɗaya ne fa. In malami ya zo, a cikin rigar wa ɗalibin yake?" Mai Girma ya tambaya ko ni wane ne. Aka ce direba. Ya ce direba ya jira a waje. Maganar gaskiya ban fita ba, na dai koma na zauna, kuma na ɗauki biskit ɗaya don huce haushi.

Suka haɗa kai suna ƙus-ƙus na ɗan lokaci. Can sai fuskar Mai Girma ta yi haske, ya buga tebur a hankali ya ce alhamdu lillahi, an sami mafita, kuma mafitar tana cikin dokar kanta. Ya ce tunda Yaya ya faɗi wannan kwas, ba zai shiga ajin ƙarshe bana ba. Tunda ba zai shiga ba, ba zai kawo digiri kafin wa'adi ba. Tunda ba zai kawo ba, kwamiti ba zai wahalar da shi da jira ba, zai sauka tun yanzu, a naɗa wani matashi mai digiri ya riƙe ɗakin ya koyar da kwas ɗin. "Ka ga ke nan baɗi ba abin da zai hana ka zama a benci. Matsala ta warware kanta."

'Yan kwamiti suka gyaɗa kai, har wani ya tafa. Mai Girma ya ƙara da cewa alfarma ɗaya suke nema: matashin da za a naɗa bai taɓa riƙe ɗakin wuta ba, don haka Yaya ya daure ya koya masa aikin a lokacin hutu, domin matashin ya samu ya koyar da Yaya yadda ya kamata.

Muka sauko bene. Ni ina ta tsara irin zagin da zan zuba a wannan shafi. Sai da muka kai inuwar wata bishiya Yaya ya tsaya, ya cire katunan nan biyu daga wuya, ya daɗe yana kallon na ma'aikacin. Idonsa ya kaɗa, na kau da kai don kada ya ji kunyata.

Ya ce, "Na san yaron da za su kawo, ni na koyar da shi. Yana da ƙwaƙwalwa, amma yakan manta ya kashe babban makunni kafin ya taɓa waya. Ranar Asabar zan fara da shi."

Na ce, "Haba Yaya. Kujerarka fa zai hau."

Ya ce, "Kujera tasu ce, su ba wanda suka ga dama. Yaran da ke kan benci 'ya'yan mutane ne." Ya sa katunan a aljihu, sannan ya ce, "Kuma baɗi ina cikinsu."

Saboda haka, masu karatu, zagin da na tsara na ajiye shi. Roƙo ɗaya nake da shi ga masu girma, Allah ya ja zamaninsu: a taimaka a sa wa sabon ɗalibin benci mai majingina, don bayansa ba na yaro ba ne. In kuma sai kwamiti ya zauna a kan haka, don Allah a kama ɗakin otal tun yau.