Shamuwa Ta Ƙi Faɗuwa

A wani daji da ake ji da wasan langa, akwai wata Shamuwa da ta shekara bakwai ba a taɓa sa ta sakin ƙafa ba. Ranar da Dila mai shirya fim ya gayyace ta fim ɗinsa na karawar maza da mata, ko abinci ta kasa ci don murna. A zatonta duniya za ta ga yadda ake tsayuwa.

Da ta isa fili, sai ta tarar da kyamara ɗaya tilo, ita ma ta aro, an girke ta a ƙasa tana leƙen sama. Tsakar filin kuma an jiƙa ta ta zama taɓo.

"Darakta, ai ba a langa cikin laka," in ji ta.

"Hajiyata, bar mana aikinmu," Dila ya ce yana lasar baki. "Jarumi Bunsuru zai taɓa ki da kafaɗa, ki faɗi rigingine, gashinki ya yaye, ki yi 'yar ƙara. Abin da 'yan kallo ke so ke nan. Mai talla ba ya ɗaukar abin da kasuwa ba ta ci."

Bunsuru, wanda sai da aka taya shi kamo ƙafarsa saboda tumbi, ya kashe mata ido. "Kwantar da hankalinki, ƙanwata, a sannu zan kayar da ke."

Shamuwa ta dubi taɓon. Sunan da ta gina da gumi, shi za ta shimfiɗa a taɓo don ƙattin daji su yi shewa? Ta naɗe ƙafarta. Bunsuru ya taho yana tangaɗi, ta goce, ta ɗana masa fiffike. Sau uku yana cin laka.

Amma da fim ya fito, babu faɗuwar Bunsuru ko ɗaya. Cinyoyinta kawai ake gani, sai wata siririyar ƙara da Dila ya yi da bakinsa ya liƙa.

Majalisar dattawan daji ta kira ta.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa Ungulu, shugaban majalisa, "ban faɗi ba, ban yi ƙara ba. A tambayi wanda ya ajiye kyamara a ƙasa me yake nema a can."

"'Yar nan, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari," in ji Ungulu. "Sau tara muka kalli wannan abin kunya. Ƙafafun Dila muka gani ko naki? Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Aka haramta mata langa har abada. Dila kuma aka ja masa kunne.

Ta fita a kan ƙafa biyu, kamar kowa.

Fim ɗin kuwa majalisa ta riƙe a hannunta, domin akwai wuraren da dattawa ba su gama fahimta ba.