Ranar da Surukata Ta Goge Ganyen Kroton

Akwai abubuwa da yawa da na manta a rayuwata, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da surukata ta tsoma tsumma a ruwa a tsakiyar ɗakina ba.

Sana'ata fenti. Ni nake rubuta allunan shaguna a Dapaong, in zana kan mutum a ƙofar masu aski, in zana kaza a bangon masu abinci. Matata Rahina 'yar Sokode ce. Lokacin da aka kawo ta, cikin kayanta har da wata fulawa a tukunyar ƙasa, kroton suke ce mata, mai ganye ja da rawaya da ɗigo-ɗigon kore. Marigayi babanta ne ya dasa ta da hannunsa, kuma ita kaɗai ta rage cikin shuke-shukensa. Rahina ba ta da abin da take ji da shi kamar fulawar nan (ni kaina ina jin bayanta nake zuwa).

Da cikinta na fari ya tsufa, ta tafi gida haihuwa kamar yadda aka saba. A tasha ba ta ce in kula da kaina ba. Cewa ta yi, "Amanar fulawar Baba na bar maka."

Na riƙe amana iya ganewata. Na ga zafin Dapaong ba irin na Sokode ba ne, sai na ɗauke tukunyar daga bakin taga na kai ta lungu bayan kujera, na rufe tagogi na saki labule. Ruwa kuwa safe da yamma, har tana iyo. Kafin a yi suna tsofaffin ganyaye sun fara zuba, sababbin da suka fito kuma kore shar kamar alayyafo, babu ja babu rawaya. Duk sanda Rahina ta kira ta tambaya, sai in ce, "Lafiyarta ƙalau." To, ai ba ta mutu ba.

Da suka kusa arba'in aka ce Mma, wato mahaifiyarta, da kanta za ta rako ta. Nan hankalina ya tashi. Ni da Mma kunya muke yi sosai, ban taɓa haɗa ido da ita ba, ko sunana ba ta faɗa. Yaya zan nuna mata abin da mijinta ya bari ya koma ganyen miya?

Mai hankali zai tambayi wani. Ni sai na tuna ni mai fenti ne. Na zaɓi fenti mai ruwa, wai don kada na mai ya cutar da ita (kun ji tausayi), na buɗe tsohon hotonta a waya, na zauna da ƙaramin buroshi ina bin jijiyar kowane ganye. Wallahi ban taɓa aikin da ya kai wannan kyau ba. Da na gama na ja baya na duba, har yaba wa kaina na yi.

Suka iso da jariri, wanda aka sa wa sunan marigayin, shi ya sa Mma ba ta kiransa sai da Maigida. Matan unguwa suka cika ɗakin, ana barka da hanya. Ni ina durƙushe a bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Rahina ta hango fulawar ta ce, "Mma, duba, har ta fi yadda na bar ta kyau." Ƙirjina ya buɗe.

Mma ta matsa kusa ta ce ƙura ta hau ta, a ba ta ruwa. Ashe haka marigayi yake yi kowace Juma'a, ya bi ganye ɗaya-ɗaya yana gogewa. Ta ciro farin tsumma daga jakar jariri, ta jiƙa, ta tallabi ganyen farko ta shafa.

Tsumma ya yi ja. Ganye ya koma kore.

Ta shafa na biyu, rawaya ta biyo yatsunta. Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Ikon Allah, fulawar Sokode zuba take yi kamar atamfa?" Rahina ta juyo ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Mma ba ta dube ni ba. Ta karɓi jariri ta ɗora a cinya, da shi ta yi magana.

"Maigida, ka gaya wa babanka an gode. Wanda bai damu ba, barin fulawar zai yi ta mutu ya ce zafi ne. Shi kuwa zama ya yi ya bi ta ganye-ganye. Amma ka ce masa haske take so. Ya maida ta bakin taga, ya ɗage labule, kuma kada ya ba ta ruwa sai ya taɓa ƙasar ya ji ta bushe."

Sannan ta ƙara da cewa, "In kuma hannunsa na ƙaiƙayi, ƙofar gidana a Sokode ta koɗe."

Dariya ta ɓarke, har da Rahina tana share hawaye. Aka yi mini dariya, amma irin wadda mutum zai iya tashi ya tsaya bayanta. Mma ta zauna ta wanke aikina tas, ni kuma ina miƙo ruwa ta hannun Rahina.

Sai da aka ɗauki watanni kafin sabon ganye ya fito da jan kansa. Ranar Rahina ta kira Mma, ta ce in karɓi waya, na kasa, sai godiya na aika. Har yau in na tuna yadda matar nan ta rufa mini asiri a gaban jama'a, addu'a nake yi mata. Ƙofarta kuwa na je na fente, shafi biyu, da fenti mai mai.

Abin da na koya shi ne, duk abin da yake numfashi in ya canza launi, tambaya ake yi, ba a buɗe gwangwani. Rahina dai har yanzu ba ta gama yarda da ni ba. Kwanaki da Maigida ya yi zazzaɓi ya ɗan yi fari, kafin mu tafi asibiti sai da ta kulle akwatin fentina.