Sojan Ruwa da Fanfon Unguwarmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara unguwa guda a bakin mataccen fanfo ba. Ko ni na so mantawa, matan Dungas ba za su bar ni ba.

Ƙanwata Dije aure ne ya kai ta ƙetaren iyaka, wajen Najeriya. Ɗanta Mamman Sani aka ɗauka aikin sojan ruwa, aka tafi da su horo can kudu, wata shida, har salula aka karɓe musu. Tun daga ranar Dije ta daina cin abinci. Da mijinta ya ga tana ƙarewa kamar sabulu a ruwa, sai ya ɗoro ta a mashin ya kawo min ita, ya ce, "Yaya, ga ta nan. Ni dai na gaza."

Abin da ya ƙara dagula lamarin, Mamman Sani na biyu ne a wurin ubansa, amma a wurin Dije ɗan fari ne. Dije ba ta faɗin sunansa, ba ta zancensa a gaban mutane. Ko cewa aka yi ya faɗa rijiya, iyakarta ta ce "Allah ya kyauta" ta ci gaba da tankaɗe. To ga damuwa fal ciki, ga kunya ta rufe baki. Sai na zama ni ce bakinta (kuma Allah bai rage ni da baki ba, wannan kowa shaida ne).

A unguwarmu akwai mata huɗu da ƴaƴansu suke wajen formasiyo, wato horo, wani soja, wani jandarma. Duk Alhamis suna haɗuwa gidan Hajiya Ayya, a soya ƙuli-ƙuli, a daka yaji, a ba direba ya kai wa yaran. Wadda ta samu labari ta raba, wadda kuka ya zo mata a bar ta ta yi. Ni ba ni da ɗa a soja, amma ban taɓa fashi ba. Ina zuwa taya matsar mai, da kuma jin labari, ba zan ɓoye ba. Can na ja Dije.

Muna zama Hajiya ta ce, "Ke Dije, naku wane iri ne?"

Dije ta sunkuyar da kai. Na ce, "Sojan ruwa ne."

"Sojan ruwa kuma? Su me suke yi?"

Nan ne mai hankali yake cewa ban sani ba. Ni kuwa aji biyu na yi a lakwal, makarantar boko, amma kunnena ba ya zubar da magana. Na tuna wani mushe, malaminmu, ya taɓa cewa masu kakin nan da ke hana saran gawo, sunansu da Faransanci "ruwa da daji" ne. Sai lissafi ya fito min sarai.

Na ce, "Kun san masu hana saran gawo? To mu nan an haɗa musu aiki biyu, ruwa da daji. Najeriya da yake mutane sun yi musu yawa, sai suka raba, ga na daji, ga na ruwa. Namu na ruwa ne. Rijiya, fanfo, shato, babban tankin ruwan nan, duk a hannunsu suke."

Wata ta ce, "Kai, Dije kin yi goshi. Ni nawa yana can ana sa shi rarrafe cikin ƙarangiya."

Na ce, "Shi kam inuwar shato zai samu ya zauna da bindigarsa, yana cewa mata a bi layi."

Dije ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki ƙuli-ƙuli ɗaya ta ci. Shi ne abu na farko da na ga ta kai baki da kanta tun zuwanta. Na ce a raina, ashe ilimi magani ne.

Daga nan na buɗe makaranta. Kullum muna tuƙa tuwo ina ba ta darasi: wannan watan ana koya musu zurfin rijiya, wata mai zuwa za a shiga babin guga. Ita dai tana saurare, malmala ɗaya da take ci ta koma biyu. Akwai wani tsohon soja a bakin layinmu, Baba Kofur, da ya tare ni ya ce, "Ƴar nan, sojan ruwa fa na ji a teku suke." Na ce, "Baba, zamaninku daban, an canza tsari." (Na faɗa masa haka, mutumin da ya yi shekara da shekaru cikin kaki. Ni da ko Damagaram sau biyu na taɓa zuwa.)

Ana nan sai fanfon unguwa, irin wanda ake takawa da ƙafa, ya mutu. Mata suka koma rijiyar bayan gari da jakuna. Mai unguwa ya ce za a kira mai gyara daga Magariya. Na yafa mayafi na je har zaurensa, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, da ɗa a gida za a kira bare? Saura sati uku Mamman Sani ya gama. Wanda gwamnati ta horar wata shida a kan ruwa kaɗai." Mai unguwa ya ce ai kuwa gaskiya ne, a jira.

Sati uku mata suna tafiyar rijiya saboda ni. In mun haɗu a hanya har godiya suke min.

Ranar da Mamman Sani ya zo ɗaukar uwarsa, ya sauko daga kabu-kabu fari fat, hula fara, riga fara, wando fari, har takalmi. Na ce to, ka ga masu aikin tsabta. Ko zama ban bar shi ya yi ba. Ya gaida uwarsa, ta amsa tana kallon bango kamar yadda aka saba, na kama hannunsa na ce, "Taho, ana jiranka."

Ana jiransa kuwa. Jarkoki a jere tun daga bakin fanfo har gindin dalbejiya. Ga mai unguwa, ga su Hajiya Ayya, ga Baba Kofur ya kawo kujerarsa ya zauna a gaba, abin da ya kamata ya ba ni tsoro. Wata ta rangaɗa guɗa. Na ciro kile, abin kwance ƙusa da na aro wurin mai faci, na ɗora masa a hannu.

Ya dubi kile, ya dube ni. "Inna, me zan yi da wannan?"

"Aikinka mana. Kada ka ji kunya, duk iyayenka ne."

Sai ya rage murya, amma wurin ya yi tsit, kowa ya ji. "Inna, mu fa a jirgi muke aiki, cikin teku. Ban taɓa kwance fanfo ba. Ruwanmu ma ba a shan sa, gishiri ne."

Hajiya Ayya ta ce, "To ɗan nan, ruwan da ba a sha, gadin me ake yi masa?"

Babu wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi min sauƙi. Baba Kofur ya yi tari ɗaya, ya ɗauki kujerarsa ya tafi. Shi kuwa yaron kirki, don ya fitar da ni kunya, ya hau ya taka fanfon sau biyu. Fanfo ya yi gurnani ya tofo masa jan tsatsa a farin wando. Mai unguwa ya juya ya ce, "A kira na Magariya." Mata suka sunkuya kowa ta ɗauki jarkarta. Wata tana wucewa ta ce, "Sannu da aiki, Kwamanda." Sunan da nake amsawa ke nan har yau.

Amma ba wannan ne ya dame ni a hanyar gida ba. Dije nake tunani. Yanzu za ta ji ɗanta ba inuwar shato zai zauna ba, kan ruwan da ba a ganin ƙarshensa za shi. Duk tuwon da na ɗura mata zai zube.

Na tarar da ita tana ɗaure kaya. Na fara kame-kame, ta ce, "Yaya, ai na sani."

"Kin san me?"

"Tun kafin a tafi da su ubansa ya nuna min hoton jirgin. Shi ya hana ni cin abinci."

Na ce, "Dije! Kina ji ina zuba wata da watanni, ki ƙyale ni?"

Ta ce, "In ce me? In buɗe baki a gaban mutane in yi zancen yaron nan? Kuma ke in kina faɗa ko ƙifta ido ba kya yi. Sai in riƙa ganin sa zaune a inuwa yana cewa a bi layi. In na gan shi a can, tuwo yana wucewa." Ta ɗaure bakin ƙunshin, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Sati biyu aka ba su. In ya koma zan dawo. Ki tanadi wata ƙaryar."

Abin da na koya dai shi ne, in ba ka san abu ba, ka ce ba ka sani ba. In kuwa ya zama dole ka shirga ƙarya don ɗan'uwanka ya ci tuwo, to shirga ta a tsakar gida, kada ka kai ta zauren mai unguwa.